Amosani, kyasbi da ƙora: inda shamfun magani yake aiki da inda ba ya isa

Kwalba ɗaya ce, amma mutum uku ne suke shiga farmasi nemanta. Na farko magidanci ne, in ya cire hula sai ka ga fari-fari kamar dusa a kafaɗar rigarsa. Ta biyu budurwa ce, tun da bazara ta kama wuyanta da bayanta suka yi dabbare-dabbare. Ta uku uwa ce riƙe da hannun yaro ɗan shekara bakwai, gashin kansa ya cinye wuri-wuri kamar an ɗora dala an zagaye. Dukansu wani ya ce musu su sayi shamfun magani. Biyun farko an ba su shawara daidai. Uwar yaron kuwa, in da shamfun kaɗai ta dogara, za ta ƙarar da kwalba uku ƙora tana nan tana cin kan ɗanta.

Amosani da kyasbi uwarsu ɗaya. Wata ƴar ƙwaya ce dangin yis da funfuna, masana suna kiranta Malassezia, daga sunan wani mai bincike Bafaranshe, Louis-Charles Malassez, wanda ya gan ta cikin ɓawon fatar kai a 1874. In ka ji lokotoro ya ce maka "shampinyo", wannan babban dangin yake nufi. Kowane baligi yana ɗauke da ita a jikinsa, mai tsafta da marar tsafta, don haka babu zancen wane ne ya shafa wa wane. Ba ta iya haɗa kitsen da take rayuwa da shi da kanta, sai ta ci maiƙon da fata take fitarwa. Shi ya sa take tarewa inda maiƙo ya fi yawa: fatar kai, gira, gefen hanci, bayan kunne, cikin gemu, tsakiyar ƙirji da gadon baya. In ta ci maiƙon takan bar wani saura mai ɓata wa fata rai. Fatar wasu ba ta ko kula. Ta wasu kuwa sai ta ɗauki ƙaiƙayi, ta shiga sabunta kanta da gaggawa: aikin da fata mai lafiya take yi cikin kusan wata guda, tana zubar da tsohon ɓawo ba a gani, sai ya koma na mako ɗaya ko ƙasa da haka. Ɓawon bai nuna ba, ya manne da juna, ya faɗo manya-manya. Wannan shi ne amosani. In abin ya yi ƙarfi, ɓawon yakan zama ruwan ɗorawa mai maiƙo, ya sauko gira da gefen hanci, wurin ya yi duhu ko ya yi haske fiye da sauran fuska.

A nan ne kusan kowa yake kuskure. Ana ganin fari-fari a ka sai a ce fata ce ta bushe, a ɗauko mai. Man zaitun, man gyaɗa, man kwakwa, man kaɗe, man shanu, duk abincin wannan ƙwaya ne ko kusa da shi. A ɗakin bincike ma, in ana so ta tsiro a faranti, man zaitun ake zuba mata a kai. Mai yana kwantar da ɓawon na kwana ɗaya ko biyu, kai ya yi sheƙi, a ɗauka an samu sauƙi, kwana na uku ƙaiƙayi ya dawo da ƙarfinsa. Basilin ba abincinta ba ne, amma yana like ɓawo da ƙurar hunturu a fata su zama wani ɓawon na biyu. Mai amosani ya shafa mai a tsawon gashi in yana so, ya bar fatar kai ta huta. Akwai dai bushewar fata ta gaskiya lokacin hunturu: ɓawonta ƙanana ne, fari tas, babu maiƙo, kuma za ka ga ƙafa da hannu su ma sun yi furu-furu. Wannan ba ta buƙatar shamfun magani.

Abin da za ka duba a jikin kwalba sunan sinadarin ne da ƙarfinsa, hoton mace mai dogon gashi ba ya gaya maka komai. Wanda ya fi shahara shi ne ketokonazol, a rubuce za ka ga kétoconazole, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100; da shi ake yin Nizoral da Kétoderm. Kamfanin Janssen na ƙasar Beljiyam ne ya samo shi a shekarun 1970. Akwai mai kashi 1 cikin 100, wanda ya fi dacewa da amosani marar ƙarfi. Sai sulfure de sélénium mai kashi 2.5 cikin 100, irin Selsun, mai warin farar wuta. Sai siklopiroks, irin Sébiprox. Sai kuma sinadarin zink piritiyon da aka daɗe ana sa wa cikin shamfun kanti na amosani. Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan kwalliya tun Maris 2022, shi ya sa kwalba biyu masu suna ɗaya, wadda ta fito daga Faransa da wadda ta shigo ta Kano, kan iya bambanta a ciki. A ganina, wanda amosani ya dame shi da gaske ya fara da ketokonazol mai kashi 2: ba shi da wari, ba ya ɓata launin gashi kamar na seleniyam, kuma kwalba ɗaya tana yi wa amosani da kyasbi.

Sai yadda ake wankin, wanda shi ne rabin maganin. Wannan shamfu na fata ne, gashi hanya ce kawai da yake bi ya isa wurin. Ka jiƙa kai da moɗa ɗaya ko biyu. In akwai mai ko ƙura da yawa, ka fara wankewa da sabulu ko shamfu na yau da kullum ka ɗauraye, don kada maganin ya ƙare a kan datti. Sannan ka zuba kamar cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, in gashinka gajere ne. Mai yawan gashi ta ninka. Ka cuɗa da tafin yatsu, kada ka sa farce, don farce yana yage fata, maganin ya shiga ya yi zafi. Ka bi gaban goshi, bayan kunne, ƙeya. In gira da gemu da gefen hanci suna ɓawo, ka ja kumfar zuwa can, ido a rufe. Daga nan ka bar ta minti 3 zuwa 5.

Minti biyar a banɗaki da kumfa a ka ya fi yadda ake zato tsawo. Yawancin masu cewa "na gwada bai yi mini ba" ba su kai minti ɗaya ba suka kwara ruwa. Dabara mai sauƙi: ka fara da kai, ka bar kumfar, ka cuɗa sauran jikinka har ƙafa, ka goge kaushi, sai a ƙarshe ka ɗauraye gaba ɗaya. Wannan tsarin yana rage ɓarnar ruwa ma, abin da duk mazaunin Damagaram ya san darajarsa in watan Afrilu ya kama, fanfo ya ɗauke, jarka ta yi tsada a hannun ƴan garuwa. Bokiti ɗaya yana isa. Sai dai kada a yi rowar ruwan ɗauraya: kumfar da ta bushe a fatar kai ita kanta tana sa ƙaiƙayi da ɓawo, mutum ya zaci amosanin ne ya ƙi ji.

Sau biyu a mako, misali Litinin da Juma'a, na tsawon mako 2 zuwa 4. Sauran ranakun ka yi wankanka yadda ka saba. Ƙaiƙayi ne yake fara sauka, galibi cikin makon farko, ɓawo ya biyo baya. Lissafin ba wuya: wanki 8, kowanne mililita 5, mililita 40 ke nan, ƙaramar kwalba ta ishi namiji mai gajeren gashi har da saura. Kuma sauran nan yana da aiki, domin ƙwayar ba ta barin jiki har abada, rage ta ake yi. In ka daina ɗungum, bayan wasu makonni za ta koma yawanta na da. Saboda haka bayan an warke, wanki ɗaya a mako ko ɗaya a mako biyu shi ne yake riƙe kai lafiya. Yin sa kullum kuma ba ya ƙara komai sai bushewar gashi da ƙarewar kuɗi. Hula da rawani a riƙa wanke su, musamman hular da zufa da mai suka yi wa baƙin zobe a ciki.

Mata aikinsu ya fi wuya, kuma takardar da take cikin kwali ba da mai kitso aka rubuta ta ba. Wadda ta biya kuɗi aka yi mata ƙananan kitso ba za ta tsefe sau biyu a mako ba. Abin da ya fi dacewa, Hajiya, shi ne ki ware wata guda na magani: ki yi manyan kalaba huɗu ko shida masu sauƙin tsifa, ko ki bar su a haka ki bi tsaga-tsaga da yatsa kina ɗiga shamfun a fata. Ki ɗan sirka shi da ruwa kaɗan a murfin kwalba don ya bi tsagar. In sau biyu a mako ya gagara, sau ɗaya da cikakken minti biyar ya fi sau biyu na gaggawa. Shamfun magani yana busar da gashi irin namu, ya sa shi karyewa, don haka bayan ɗauraya a bi tsawon gashin da man laushi na bayan wanki, ko ruwan karkashi da iyayenmu suka saba da shi, amma ba tare da kanwa ba. Abu na ƙarshe, wanda shi ne yake dawo da cutar a ɓoye: ɗaura ɗankwali da zumbula hijabi a kan jiƙaƙƙen kai. Danshi da zafi a ƙarƙashin ƙyalle gona ce ga wannan ƙwaya. Ko bayan wankan tsarki, a tsane kai da tawul a ba shi iska ya bushe kafin a rufe. Wadda ta sa man miƙar da gashi, ko rini, ko lalle, ta bar aƙalla kwana biyu tsakaninsa da shamfun magani, in kuma man ya ƙona mata fatar kai ta jira har ta warke. Mai amfani da na seleniyam ta girgiza kwalba kafin ta zuba, ta cire zobe da ƴan kunne da sarƙa don yana dusashe ƙarfe, ta ɗauraye sosai don yana iya canza launin furfura da rinannen gashi.

Kyasbi kuwa cutar zufa ce. Yana tashi da bazara da farkon damina, a ƙirji, baya, wuya da damtse, ɗigo-ɗigo masu haske ko masu duhu da suke haɗewa su zama taswira. Gwajinsa a hannunka yake: ka ɗan kankare tabon da farce, in wani gari mai laushi kamar dusar gero ya tashi, shi ne. Shamfun dai ɗaya ne, amma tsarin daban. A jiƙa jiki, a shafa ketokonazol mai kashi 2 tun daga fatar kai har zuwa cinya, da hannuwa har wuyan hannu, har inda ba a ga tabo ba, domin ƙwayar ta riga ta wuce inda ido yake gani. A bar shi minti 5, a ɗauraye. Sau ɗaya a rana, kwana 5 a jere, ba a wuce haka. Baya yana buƙatar hannun wani, miji ko mata ko ɗan'uwa, in ba haka ba tsakiyar bayan ne zai zama irin shuka na baɗi. Jikin baligi yana cin kamar mililita 20 a kowane shafi, kwana biyar kwalba mai mililita 100 ke nan. Akwai kuma Kétoderm na shafi ɗaya tak mai giram 20, wanda ake shafe jiki duka da shi a bar shi minti 5. Na seleniyam ana barinsa minti 10 a kowace rana har kwana 7, kuma ba a kai shi al'aura ko inda fata ta tsage.

Ga inda ake yawan zargin magani a banza. An gama kwana biyar, tabon yana nan fari, sai a ce bai yi ba, a sake sayen wata kwalbar. Ƙwayar tana fitar da wani sinadari da yake hana fata yin launinta, kuma bayan ta mutu launin yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ya dawo. A sake gwajin farce: in gari bai tashi ba, an warke, saura haƙuri. Wanda kyasbi yake dawo masa duk shekara ya yi shafin kwana uku a farkon zafi, wajen watan Maris, kafin tabo ya fito.

Ba kowane farin tabo ne kyasbi ba, kuma wannan ya fi duk abin da ke sama muhimmanci. Tabo mai haske, ɗaya ko kaɗan, marar ɓawo, marar ƙaiƙayi, wanda in an shafa masa auduga ko an ɗan tsikare shi mutum ba ya ji kamar sauran jiki, yana iya zama farkon kuturta. Wannan ba na farmasi ba ne, a tafi CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa, a nuna. Maganinta kyauta ne, tana warkewa sarai, kuma in an kama ta a matakin tabo ba ta kai wa ga yatsu. Fari-farin da yake fitowa a kumatun yara da hunturu shi kuma yawanci bushewa ce, basilin da rage sabulu sun ishe shi.

Mu koma kan yaron nan. Ƙora wani dangin ne daban, masu cin gashi da farce da saman fata, kuma ita tana yaɗuwa: daga kai zuwa kai, ta injin aski, aska, mataji, hula, matashi da tabarmar kwana. Shi ya sa take zagaye gida mai yara da yawa da makarantar allo, ta bar manya. Ƙwayarta tana shiga cikin silin gashi ta gangara har saiwa, inda kumfa ba ta kaiwa ko an bar ta awa guda. Maganinta na sha ne, likita yake rubutawa gwargwadon nauyin yaro: girisiyofulbin na mako 6 zuwa 8, ko tarbinafin na kusan mako 4, ya danganta da irin ƙwayar. Girisiyofulbin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka a ba yaro bayan ya ci abinci mai mai, ko da madara, ko kunun gyaɗa. A ba shi da ruwa a kan yunwa asara ce. Mai ciki ba ta shan sa. Kuskuren iyaye shi ne dainawa a mako na uku da zarar gashi ya fara toho.

To ina amfanin shamfun a nan? Yana kashe irin da yake saman kai, wanda yake zuba a matashi ya kama ƙane. A wanke wa yaron sau biyu a mako, minti 5, tare da maganin sha, a wanke wa sauran yaran ɗakin su ma ko ba a ga komai a kansu ba, domin wani yana ɗauke da ita ba alama. Mataji da buroshi a wanke da ruwan zafi da sabulu a jiƙa cikin ruwan jabel, wato bilic, da aka sirka. Rigar matashi da hula a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Wajen aski a tafi da sabuwar reza, in da hali gida ya mallaki injinsa. Wani lokaci ƙora takan kumbura ta yi taushi kamar maruru, tana tsattsafo da mugunya ta ƙofofi da yawa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Jiki ne yake faɗa da ƙwayar, maganin sha ne yake sauke kumburin, kuma jinkiri yana barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba. Man birki, kananzir, ruwan batir da dakakkiyar tafarnuwa da ake shafa wa yara, ƙuna kawai suke ƙarawa a kan cuta.

Makero na jiki, mai zobe da baki-baki a gefe, da na matsematsi, man shafawa ya fi shamfu dacewa da su: kulotirimazol ko mikonazol safe da yamma mako 2 zuwa 4, a zarce da mako ɗaya bayan ya ɓace, a shafa har yatsa biyu bayan gefen zoben. A guji tub ɗin nan masu haɗi uku da ake cewa suna maganin komai, da mayukan ƙara hasken fata. Yawancinsu akwai kortizon mai ƙarfi a ciki, wato maganin danne kumburi da ƙaiƙayi, irin bétaméthasone ko clobétasol. Ƙaiƙayi zai tsaya a kwana biyu, zoben ya dushe, ƙwayar kuwa ta samu sarari ta bazu har likita ya kasa gane ta da ido. Wanda ya daɗe yana shafa irin wannan a fatar kai kada ya yanke rana ɗaya, ya riƙa ragewa cikin mako 2 zuwa 3 yana amfani da shamfun, in ba haka ba wurin zai tashi fiye da da. Ƙwayar ketokonazol ta sha kuma, wadda har yanzu takan faɗo a tiren masu tallar magani, a bar ta: tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar a dakatar da ita saboda illar da take yi wa hanta. Na wanki ba shi da wannan matsala, don kusan ba ya shiga jini, amma mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa mai farmasi halin da suke ciki kafin su zaɓa, kuma jariri mai ɓawon maɗiga ba a sa masa ko ɗaya sai da izinin likita. Ɓawon maɗiga yawanci yana tafiya da kansa.

Wurin saye da wurin ajiya su ma suna cikin magani. Yawancin kwalaben nan an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, ga shi kuwa zafin Damagaram yana haura 40 a Afrilu da Mayu. Kwalbar da ta wuni a rana a bakin Kasuwar Dole, ko a kan tagar banɗaki mai rufin kwano, ba ka da tabbacin abin da ya rage a cikinta. A saya a farmasi, a duba ranar ƙarewar aiki da hatimin murfi, a gida kuma a ajiye a inuwa, gindin randa ya fi ko'ina sanyi, inda hannun yara ba ya kaiwa. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa. Ɗan zafi-zafi a wankin farko ba komai ba ne. Kumburi, ƙuraje ko raɗaɗi mai tsanani alama ce jiki bai karɓa ba, a daina.

In an cika mako huɗu ana yi daidai, da minti biyar ɗinsa, ba mai a fatar kai, amma babu canji, to wataƙila tun farko ba amosani ba ne. Ɓawo mai kauri, fari kamar azurfa, mai iyaka a fili, wanda yake kuma fitowa a gwiwar hannu da ta ƙafa, wata cutar fata ce daban mai nata magani. Ƙaiƙayin ƙeya da bayan kunne a yarinya, a duba ƙwarƙwata tukuna. Amosanin da ya taso wa baligi farat ɗaya da ƙarfi, ya rufe fuska da ƙirji, ya ƙi jin magani, likita zai so ya auna jini har da gwajin sida, wato ƙanjamau, domin raunin garkuwar jiki yakan fara nuna kansa ta nan. A je CSI da kwalbar da aka yi amfani da ita da duk tub ɗin da aka shafa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura babban asibitin ƙasa na Zinder, wato Damagaram. Kwana uku kafin zuwa kada a shafa komai, kada a wanke da shamfun, don a samu ɓawon da za a kankara a duba.